Guɗa a Cikin Randa

Tun da aka fara saukar da dusar ƙanƙara a kan Dutsen Kwatarkwashi don garin ya samu ruwa, bazara ta zama lokacin raɗa. Rana tana narkar da ƙanƙarar ta ƙasa, ko 'yar ƙara aka yi sai ta zazzago. Aka hana daka, aka hana kiɗa, ladan ma gida-gida yake bi.

Da hantsi Lantana ta haihu. Mijinta Barau yana can ƙirjin dutse ɗaure da igiya, yana share hanyar ruwa. Daga tagar ɗaki ana hango jar hularsa, kamar ƙwayar barkono a kan garin tuwo.

Uwar Lantana, Iya Kande, wadda ta yi wa rabin garin nan guɗa a zamaninta, ta kama hanci ta ɗaga kai.

"Iya, ki rufa mini asiri," in ji Lantana ƙasa-ƙasa. "Barau yana sama."

"Jikata ta fari ta shigo shiru kamar ɓarauniya?"

Iya ta tura kanta cikin randa, ta rangaɗa guɗar a ciki. Ruwan ya yi rawa, ya kwanta.

Sai jaririyar, wadda ba wanda ya gaya mata doka, ta callara kuka.

Wani farin hayaƙin ƙanƙara ya taso daga kafaɗar dutsen, a hankali, gwanin kyau.

"Iya, kina hango hular?"

"Ki ba ta nono tukuna," in ji Iya, idonta na kan dutsen.