Maɓallin Lami

"Inna, ƙafafun sun ƙare," in ji ɗana Sama'ila, yana nuna min ɗan baƙin ai-si, ƙwaƙwalwar da ke kan allon na'urar, wadda kowane maɓalli ke jone da ƙafarta ɗaya.

Shi ya haɗa wa babansa, Malam, na'urar kira bayan shanyewar jiki ta ɗauke masa magana. Maɓalli biyar ne, kowanne da irin ƙararsa: ruwa, abinci, bayi, alwala, sai na ƙarshe mai sunana, Lami. Yanzu likita ya ce a ƙara na magani.

"Sai dai a kashe ɗaya," in ji Sama'ila, "ko mu jira wani ai-si daga Kano."

Shekara talatin na yi ina koyar da lissafi a Gusau, ban tsaya dogon tunani ba.

"Cire nawa. Ina zan je?"

Ya zare wayar, ya bar maɓallin a wurinsa. Ba mu gaya wa Malam ba.

Ran Laraba da la'asar ina tankaɗe a tsakar gida. Ban ji ƙarar komai ba.

Masu ta'aziyya sun ce ya cika cikin barci, bai nemi kowa ba. Na bar su a haka.

Ni na ɓamɓare babban yatsansa daga kan sunana.