Ɗigon Jan Farce a Gindin Kwalba

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Agusta, gari ya waye da yayyafi mai naci, irin wanda ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Wata bazawara mai ɗan shagon barasa a Sabon Garin wani birni tana sharar ƙofarta, sai ta hango ƙanenta, wani tela, matarsa na riƙe da hannunsa. Da suka shigo ya tsaya tsakiyar shagon yana lalube, ya ce, "Yaya, ku kunna fitila mana." Alhali hantsi ya riga ya yi. Matarsa ta ce shekaranjiya ya sha barasa a wurin wani biki, kuma biyu daga cikin waɗanda suka sha tare da shi suna kwance a ɗakin ajiye gawa. Ta zaro kwalbar daga jaka, domin likita ya ce a zo da ita. Takardar jikinta ba ta da aibi ko kaɗan. Ga tambarin kamfani, kan barewa cikin da'ira. Ga adireshi, ga lambar rajistar hukuma, ga ƙarfin barasar, ga ranar da aka ɗura ta. Duk abin da doka ta ce a rubuta yana nan. Mai shago ta juya kwalbar, sai ta ga ɗigon jan farce a gindinta. Nan take ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta.

Ɗigon nan nata ne. Ita ce take ɗiga shi a kowace kwalba, don kada nata su gauraya da na maƙwabciyarta. Mijinta, sa'ad da yake raye, ba ya barin fankon kwalba ya fita daga shagon sai ya kankare takardarta da wuƙa, ya lanƙwashe murfin. Yakan ce takardar nan rantsuwa ce, wanda ya bar ta a jikin fanko ya ba wa maƙaryaci aron bakinsa. Bayan rasuwarsa wani mai babur ya fara zuwa duk Juma'a yana sayen fanko. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada a taɓa takarda, kada a ɓata murfi. Farashinsa ya ninka na kowa, ga shi kuma ya hutar da ita kankara. Ba ta tambaye shi abin da yake yi da su ba, domin ta san amsar ba za ta yi mata daɗi ba. Shekara guda cur yana ɗaure buhuna a bayan babur, ita kuwa wuƙar ta yi tsatsa a kan taga.

Da ta dawo daga asibiti ta zauna ta rubuta wa hukumar da ke kula da abinci da magunguna wasiƙa. Ta faɗi kamannin mutumin, da lambar babur ɗinsa, da ranar zuwansa, ta kuma faɗi abin da hannunta ya yi. Amma ta kasa aikawa. Mutumin ya san ƙofarta, ya san ita kaɗai take kwana. Hukuma kuma tana iya garƙame shagon, ta tafi da ita. Wasiƙar ta zauna a ƙullin zanenta, ta yi laushi da zufa. Ko wane babur ya rage gudu a layin, sai gabanta ya faɗi. In baƙo ya nemi kwalba, sai ta leƙa gindinta kafin ta miƙa, hannunta na rawa. Ranar Juma'a ta kulle shago, ta lafe a ciki tana jin mutumin yana ƙwanƙwasa ƙofa yana cewa, "Madam, yau babu kaya ne?"

Rana ta tara aka sallamo ƙanenta. Idon dama ya tafi, na hagu yana ganin haske dishi-dishi. Ta same shi zaune gaban kekensa, ya daɗe yana neman kafar allura da zare. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Yaya, ni fa sai da na karanta takardar kafin in sha. Ke kika koya mini." Ba ta iya ba shi amsa ba. Ta tuna buhunan da suka fita daga shagonta, kowace kwalba da tambarinta lafiya lau, tana zaune a kan teburin wani tana jiran a buɗe ta. Daga nan ba ta koma gida ba. Ta taka cikin ruwan sama har gidan waya, ta sayi kan sarki, ta manna, ta tura wasiƙar cikin akwatin, ta ji faɗuwarta a ciki.

Hausawa suka ce, tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.