Filon Maryamu

Shekara tara a jere Aling Perpetua, wato Inna Perpetua a yarenmu, ce ke korar Maryamu da Yusufu daga ƙofarta. A wasan jajiberin Kirsimeti na garinmu, su biyun kan bi gida-gida suna roƙon masauki da waƙa, masu gida kuma su kore su da waƙa. Sauran masu gidaje sai sun yi mako suna koyon ɗaure fuska. Ita kuwa Perpetua, mai shagon shinkafa, ko gwaji ba ta zuwa, kuma ba a taɓa cewa ta yi kuskure ba.

Abu ɗaya aka san tana bayarwa a duniya: aron wani filo mai zagaye da ake cusa wa Maryamu a ƙarƙashin riga. Shi ma da sharaɗin a dawo da shi a wanke.

Bana, mako biyu bayan guguwar da ta share gidajen tsallaken kogi, limaminmu Fada Isagani ya faɗa a coci cewa ba waƙa. Maryamu da Yusufu za su zo cikin kayan kowa da kowa, ba sanarwa, ko wace rana kafin Kirsimeti. Kamar yadda aka saba, gidan da ya karɓe su shi zai ajiye mutum-mutumin jariri Yesu har shekara ta zagayo. Da aka tambaye shi su wa ya zaɓa, sai ya hau kekensa ya tafi.

Perpetua ta rantse jaririn nan a gidanta zai kwana. Ta gaji da sunan Babu Ɗaki da ake kiranta da shi a bayan ido, kuma yana yi mata ciwo fiye da yadda take nunawa. Ga Aling Nenita, mai kemis ɗin da ke kallon shagonta, sau biyu tana ajiye jaririn. Abin da ya ƙara ƙona mata rai, bana ba wanda ya zo aron filo. Ta san na Nenita aka ara.

Ta fito da kujera bakin ƙofa, tana tantance mabarata kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Wani tsoho mai takalmi wari ɗaya ta sallame shi, don Yusufu ba ya tafiya shi kaɗai. Wata mata mai 'ya'ya uku ita ma ta sallame ta, don Maryamu ba ta fara haihuwa ba tukuna.

Ranar Laraba da hantsi sai ga su. Namijin na rataye da buhu, bakin zarto ya leƙo daga ciki. Matar ta yafa shuɗin tawul a ka, kalar mayafin Maryamu, ta dafe ƙugu, ciki ya yi gaba. Suka tsaya a ƙofar Nenita, suka tarar ta tafi kasuwa. Perpetua ba ta jira sun ƙwanƙwasa ba, ta tsallaka titi ba takalmi ta jawo su.

Namijin ya ce sunansa Rodel, matarsa Luningning, ruwa ya tafi da gidansu, ko ƙarƙashin rumfa aka ba su sun gode. Perpetua ta kashe masa ido.

"Na gane, ɗana. Kafinta ne kai kamar Yusufu, ko? Fada bai bar komai ba."

Ta ba su ɗakin sama mai fanka. Ta sa ƙanwarta Tasing, wadda ke yi mata girki tun rasuwar mijin Perpetua, ta yanka kaza, ta dafa shinkafar da ba ta sayar wa kowa sai matar magajin gari. Tasing ta daɗe tana kallon yarinyar, sannan ta kalli yayarta.

"Ate, yayata, a ƙara mata ƙwai da safe."

"A ƙara biyu. A buɗe taga kuma, Nenita ta ji ƙamshi."

Kwana uku Perpetua tana yaba gwanintar wasansu. Yarinyar ba ta taɓa manta miƙewa a hankali kamar mai ciki ba, ko da ba mai kallo. Ƙafafunta ma ta san yadda ta yi suka kumbura. Rodel kuwa ya gyara matakala da ƙyauren shago ba a sa shi ba, alhali Yusufun bara ko guduma bai iya riƙewa ba. Filon kaɗai ta kushe: ya yi girma, ya yi ƙasa da yawa, aikin Nenita dai.

A kwana na biyu ta leƙa buhun shinkafa ta ga ya ragu sosai, amma ta daure. A na uku ta tsinci kanta tana shafa wa yarinyar man kwakwa a ƙafa, tana ba ta labarin 'yarta da ke aiki a Manila, wadda shekara huɗu ba ta zo Kirsimeti ba. Luningning ta yi hawaye. Perpetua ma ta yi, ta ce hayaƙin murhu ne.

Ranar jajibere da la'asar Fada Isagani ya jingine kekensa a ƙofarta, da jaririn a naɗe cikin farin zane. Rabin gari na biye da shi. Nenita na tsaye a ƙofar kemis ta harɗe hannu. Perpetua ta karɓi jaririn da hannu biyu, daɗi ya cika ta, ta ɗora shi a kan tebur inda za a hango shi daga titi.

Sannan ta juya ga Luningning da ke zaune tana haɗa gumi.

"To 'yata, wasa ya ƙare, cire abin nan ki sha iska. Bari ma in ji wace irin auduga Nenita ta cusa a ciki."

Ta ɗora tafin hannunta a kai ta danna.

"Aling Perpetua," in ji Fada daga bakin ƙofa, "ai bana ban zaɓi kowa ba."

A ƙarƙashin hannunta, filon ya yi harbi.