Mabugar Bayan Kasuwa

Ka ce mutanenka a ofis kullum cikin ciwon kai suke, wannan ya kwanta, wancan ya ajiye aiki, kai kanka barci ya ƙaurace maka. Bari in ba ka misali da wata mabuga da na sani a garinmu tun ina da sauran ƙarfi. Tana bayan kasuwa, gindin wani tsohon durumi. Da hantsi tun daga ƙofar gari kake jin amon bugu. Mutum biyu-biyu ne ke zama suna fuskantar juna, gungume a tsakaninsu, wannan ya ɗaga wancan ya sauke, har rigar shuni ta ɗauki ƙyallin da sai ka kare ido. Mai mabugar dattijo ne marar yawan magana. Bai cika duba hannun kowa ba, kunne yake kasawa. Da ya ji bugun wani ya fara sanyi, sai ya ce, "Ku ajiye haka nan." A shimfiɗa tabarma, a dama fura a babbar ƙwarya, ludayi ya yi ta zagayawa. A wannan zaman ne mai ciwon kafaɗa ke faɗin ciwonsa a sauya masa aiki, wanda matarsa ke naƙuda a kore shi gida, a tsokani wanda ya fi kowa santi, a yi dariya. Ko ana gobe Sallah bai taɓa hana zaman ba. In kaya sun fi ƙarfin hannuwan da yake da su, yakan ba mai kaya haƙuri, ya nuna masa wata mabugar.

Da Allah ya yi masa rasuwa, ɗansa ya gaje shi. Ba mugu ba ne, so yake sunan gidan ya ƙara nisa. Duk wanda ya kawo kaya sai ya karɓa. Ya naɗe tabarmar ya jingine, ya ce kowa ya sha furarsa a inda yake zaune, shi ma ya zauna yana bugu tare da su har azahar ta kusa wucewa. Da farko riguna sun riƙa fita fiye da da. Sannu a hankali raha ta ɗauke, abokan da suka shekara suna bugu tare suka koma yi wa juna tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Akwai wanda kafaɗarsa ta daɗe tana damunsa, amma babu inda zai faɗa, sai ya yi ta cijewa. Ana saura kwanaki kaɗan Sallah, hannunsa ya sage, itacen bugun ya kauce ya sauka a kan yatsun abokin zamansa, wanda duk mabugar babu gwani kamarsa. Hannun gwanin nan bai sake riƙe itace ba. Sauran suka zame ɗaya bayan ɗaya, wasu gona, wasu ci-rani. Ɗan ma ya kwanta jinya mai tsawo, ya tashi bai sami wanda zai zauna gabansa ba. Zuwana na ƙarshe, awaki na tarar kwance a kan gungumen, mutanen unguwar kuwa har yau da sunan mabugar suke kwatancen layin.

Ka koma ka duba mutanenka, ka duba kanka. Hausawa sun riga sun faɗa, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.