Zoben da Ke Aljihun Muhsin

A ɗakin gwajin lantarki na jami'ar Wudil, ba a taɓa waya da zobe a hannu. Shi ya sa duk ranar gwaji Rahinatu ke cire zoben alkawarin da Muhsin ya ba ta, ya riƙe mata a aljihu har su gama.

Yau ma sun haɗa wayoyin, ƙwan fitilar ya kama. Ta kashe, ta miƙa masa hannu tana murmushi.

Bai ɗago ba, sai faman naɗe wayar da ya riga ya naɗe yake yi.

"Muhsin, zobena."

"Hajiya ta ce ba ta son suruka mai hawa falwaya."

"Kai kuma ka ce mata me?"

Ƙato guda da gemunsa, wallahi ko ido ya kasa haɗawa da ita!

"Tun yaushe?"

"Tun Juma'a."

"Kana sane ka bari na cire da hannuna na ba ka?"

"Ban san ta inda zan fara ba, Rahina."

Ta janye hannun a hankali, ta cusa shi a aljihun farar rigarta.