Inda Leɓen Mama Ya Taɓa

A Jidda ba mu da coci, a wani falo a unguwar Safa muke sujada. Ina 'yar shekara takwas, ana Jibin Ubangiji, Mama ta kurɓa ta miƙa wa wata farar mata kofin. Matar ta dubi baƙin hannun Mama, ta janye nata.

Dattijon da ke jagorantarmu ya karɓi kofin, ya sha daidai inda leɓen Mama ya taɓa. Ya ce, "Kofinmu ɗaya ne."

Da aka tashi, matar ta zo tana kuka. Mama ta riƙe hannun nan da ya guje ta. "Halas, ya wuce, 'yar'uwa. Ai ni ma yafe mini aka yi."

Har yau ban taɓa jin kunyar hannuna ba.