Maigadin Muryar Inna

Tun da aka fara ajiye muryar waɗanda suka rasu a kwamfutar gida, ba a sayen manhajar tsaro da ka. Sai ta zo ta gaida manya tukuna, kamar mai neman aure. Kwamfutarmu na ɗauke da muryar Inna, mahaifiyata.

Uku mai shagon manhaja ya turo. Biyu suka yi ta kirarin kansu, suka haɗa da ni, har na fara gyara hula. Ta ukun ta wuce ni, ta yi wa Inna sallama.

"Maraba," in ji Inna. "Ga Bawale nan, ɗan albarka, bai taɓa ɓata mini rai ba."

Manhajar ta juyo gare ni. "Alhaji, haka take magana da ranta?"

Na ce a'a, na ɗauka rasuwa ce ta sanyaya ta.

"Ƙwayar cutar kwamfuta ce. Tana lallashinka, tana cinye muryar. In fitar da ita?"

Na ce fitar.

Can sai na ji, "Kai Bawale, wannan tumbin fa, gado ka yi?"

Na durƙusa har ƙasa.

"Sannu da dawowa, Inna."